Darasi na 12: Batir Mai Cin Sukari

Rake na cikin arzikin fadamun Dogo da sauran kwarin Korama, kuma duk wanda ya taɓa aikin garka da rana tsaka ya san abin da gaɓa biyu ko uku suke yi wa mai gajiya. Ya sha, ya tofar da tuka, ƙarfi ya dawo masa, ya koma bakin aiki. Wannan ƙarfin ana auna shi, kuma da ma'auni ɗaya da na wutar lantarki. Giram ɗaya na sukari yana ɗauke da kimanin wat-awa 4 da rabi. Ƙwayar sukari ta kwali, irin wadda mai shayi ke jefawa a kofi, nauyinta kusan giram 5 ne, ke nan tana da wat-awa sama da 20. Batirin salula mai shafawa kuwa, in ya cika fal, abin da ke cikinsa bai cika wuce wat-awa 15 zuwa 20 ba.

Ashe ƙwayar sukari guda ta isa cajin salula, a lissafi dai. To me ya sa har yanzu muke kai salularmu wurin mai caji muna biya? Wannan darasin amsar wannan tambayar ne.

Ma'aikatan da ido ba ya gani

Matatar SORAZ da aka buɗe a arewacin Damagaram a 2011 sai ta dafa ɗanyen mai a zafin da ya haura digiri 300 kafin ta rarrabe shi. Injin mota sai ya kunna wa fetur wuta. Jikin mutum kuwa yana ƙona sukari dare da rana a digiri 37 kacal, babu harshen wuta babu hayaƙi, kuma babban mutum yana fitar da ƙarfin da ya kai wat 100. Abin da yake yi masa wannan aikin shi ake kira anzim.

Anzim ƙanƙanin sinadari ne da jikin mai rai yake ƙerawa, mutum ne ko dabba, tsiro ne ko ƙwayar bakteriya. Aikinsa gaggauta canjin da in an bar shi zai ɗauki shekaru. Shi kansa ba ya ƙarewa a cikin aikin: ya gama da wannan ƙwaya ya kama ta gaba, wani sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kuma kowanne da sana'arsa. Wanda ke farfasa sitaci babu ruwansa da nama, wanda ke narka nama bai san sitaci ba.

Iyayenmu mata da ke wannan aji sun daɗe suna aiki da shi. Tsiron gero ko na dawa da ake zubawa a kunun zaƙi, anzim ɗin da ke cikinsa ne yake yanyanka sitaci ya mai da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi ba a sa masa komai ba. Ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri a ciki, anzim ne ke tausasa naman. Ƙudan zuma ma da shi suke mai da ruwan fure zuma. Turawa a cikin tsiron sha'ir suka fara kama shi, lokacin da Faransawa biyu, Anselme Payen da Jean-François Persoz, suka ware shi a 1833. A 1897 Bajamushe Eduard Buchner ya niƙe yis ya tace ruwansa, ya nuna ruwan yana iya ruɓar da sukari alhali babu ƙwaya mai rai ko ɗaya a ciki. Wannan shi ya buɗe ƙofa, domin an gane ana iya raba anzim da mai shi, ya ci gaba da aiki a cikin kwalba.

A 1926 James Sumner na Amurka ya tabbatar cewa anzim furotin ne. Ku riƙe wannan da kyau, don duk matsalar da za mu gani a gaba daga nan ta taso. Furotin dogon jeri ne na wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Jerin yana nannaɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman, kuma siffar ce aikin. In zafi ya yi yawa, ko tsami, ko gishiri, naɗin ya warware, aiki ya tsaya. Farin ƙwai furotin ne. Kun ga yadda yake komawa in ya ji wuta, kuma ba ya dawowa.

Yadda batirin yake aiki

A wurin masana sinadarai, ƙonewa ƙaura ce. Wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira elektiron suna barin abin da ke ƙonewa su koma jikin iskar oksijin, ƙarfin da suka saki a hanya shi ne zafin da muke ji. Wutar lantarki kuma ba komai ba ce illa waɗannan elektiron ɗin suna tafiya a cikin waya. Dabarar ke nan: a raba makamashi da iska, kada su haɗu kai tsaye, a tilasta wa elektiron bin waya kafin su isa wurin oksijin. A kan hanyar sai su kunna fitila.

William Grove ya yi haka a Birtaniya a 1839 da iskar haidirojin da ƙarfen filatinam. Amma filatinam tsada gare shi ƙwarai, kuma abubuwan da ke cikin jini ko ruwan itace suna saurin dushe shi. Anzim kuwa yis da funfuna ke ƙera shi a cikin tanki, daga abinci mai araha.

Batirin anzim sanduna biyu ne na gawayi a cikin ruwan sukari. Ta farko an shafe ta da anzim mai fizge elektiron daga gulukos, wato irin sukarin da ke yawo a jininmu. Wanda aka fi sani shi ne gulukos oksidas, wanda Detlev Müller na ƙasar Denmak ya gano a 1928, kuma ana samun sa daga baƙar funfunar nan da ke kama albasa in ta ji danshi a ma'aji. Sanda ta biyu an shafe ta da wani anzim, misali lakas, mai karɓar elektiron ya miƙa wa oksijin. Hikorokuro Yoshida ya fara gano shi a ƙaron wata itaciya ta Japan a 1883, yau kuma daga naman kazan da ke fitowa a ruɓaɓɓen icce ake cire shi. Abin da ke saura bayan aiki ruwa ne da wani ɗan tsami marar lahani. Sukarin rake sai wani anzim na uku ya fara raba shi biyu kafin a sami gulukos.

Bambancinsa da pil ɗin cocila a fili yake. Pil in sinadarin cikinsa ya ƙare ya mutu, sai bola. Wannan kuwa muddin ana ƙara masa sukari, kuma anzim ɗin na da lafiya, zai ci gaba da ba da wuta.

Tun 1911 Michael Potter na jami'ar Durham ya nuna yis na iya fitar da ƴar wuta, kuma a 1964 aka haɗa batirin anzim na farko a Amurka. A 2003 Adam Heller da Nicolas Mano suka soka zare biyu na gawayi, masu sirantar da ta fi ta gashi, a cikin ƙwayar inabi guda, suka sami wuta. A 2007 kamfanin Sony ya nuna ɗan akwati mai faɗin santimita 4 da ke ba da miliwat 50. Da guda huɗu aka kunna ƴar na'urar sauraren kiɗa ta Walkman. A 2010 Philippe Cinquin da Serge Cosnier na birnin Grenoble a Faransa suka dasa irinsa a cikin ɓera mai rai, yana shan sukarin jikinsa. Bayan shekara biyu Evgeny Katz ya yi haka da dodon koɗi, dabbar ta yi watanni tana cin abincinta tana ba da wuta.

Yanzu mu yi lissafi. Miliwat 50 kashi ɗaya ne cikin ashirin na wat guda. Ƙaramar caja ta salula wat 5 take bayarwa. Ke nan sai an jera akwatunan Sony guda 100 kafin a kamo ta. Da akwati ɗaya, cika batir mai wat-awa 15 zai ci awa 300, fiye da kwana goma sha biyu. Ƙarfi na nan a cikin sukari, fitar da shi da sauri ne ya gagara.

Inda gizo ke saƙar

Allah bai halicci gulukos oksidas don ya zauna a kan sandar gawayi ba. Funfuna tana amfani da shi ne ta kare kanta daga bakteriya, kuma wurin da elektiron ke sauka a jikinsa yana binne can ciki, nesa da sanda. Sannan ɗabi'arsa ce ya miƙa elektiron ga oksijin kai tsaye, ya samar da ruwan nan mai kumfa da ake wanke rauni da shi a likita. A cikin zuma wannan alheri ne, yana cikin dalilan da suka sa take hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. A cikin batir kuwa asara biyu ce: elektiron sun bi ta bayan gida ba su shiga waya ba, ruwan kumfar kuma yana cin anzim ɗin kansa.

Lakas shi ma da nasa halin. Yana son ruwa mai ɗan tsami, kuma gishiri na tsayar da shi. Jinin mutum ba shi da tsami, ga gishiri. Bugu da ƙari, ƙwayar gulukos guda tana da elektiron 24 da za a iya cirewa, amma gulukos oksidas biyu kawai yake ɗauka ya bar sauran. Babbar matsala kuma ita ce gajeren rai. A cikin jiki, anzim in ya lalace ana ƙera sabo nan take. A cikin batir babu mai ƙera sabo, kuma da yawa kwanaki ko makonni kaɗan suke yi su raunana. Zafi yana ƙara gaggauta mutuwarsu.

Saboda haka masana suka koma gyaran anzim ɗin kansa. Tsarin jerin amino asid a rubuce yake a cikin sinadarin gado, wato DNA. In an canza harafi a rubutun, aka sa shi a cikin yis ko bakteriya, sai su riƙa ƙera anzim mai sabon jeri. Michael Smith na Kanada ya fito da hanyar canza wuri guda da gangan a 1978, ya sami kyautar Nobel a 1993. Da irin wannan hanya ce a 2011 ƙungiyar Scott Banta ta jami'ar Columbia da abokan aikinsu suka canza amino asid ɗaya kusa da zuciyar gulukos oksidas, suka maƙala masa ɗan ƙurar zinariya a wurin, domin elektiron su sami gada zuwa sanda. Heller kuma tun da farko ya bi ta wata hanyar, ya lulluɓe anzim da wani danƙo mai ɗauke da ƙarfen osmiyam da ke kwaso elektiron daga ciki.

Sai dai canji da gangan yana buƙatar ka san inda za ka taɓa, kuma sau da yawa ba a sani ba. Gulukos oksidas ɓari biyu ne iri ɗaya, kowane ɓari amino asid 583. Kowane gurbi ana iya musanya shi da iri 19. In wuri ɗaya kawai za a canza, akwai hanyoyi 11,077. In biyu ne a lokaci guda, sun haura miliyan sittin. Babu mai tsawon ran da zai gwada su ɗaya bayan ɗaya da tunani.

A nan ne wata Ba'amurkiya, Frances Arnold, ta kawo dabarar da manomin Damagaram zai fi saurin ganewa. Da kaka, manomi yana ware zangarniyar da ta fi cika, wadda ta nuna da wuri ta jure ƙarancin ruwa, ya ajiye ta iri. Bai san abin da ke cikin ƙwayar ba, amma ya san abin da yake nema, kuma shekara bayan shekara gero yana bin zaɓinsa. Arnold haka ta yi da anzim. Ta kwafi rubutun gadonsa dubbai ta hanyar da kurakurai za su riƙa shiga barkatai, ta sa bakteriya suka ƙera duka, ta gwada su a cikin yanayi mai wuya, ta ɗauki gwanin cikinsu ta mai da shi iri, ta sake. A 1993 ta nuna anzim mai narka furotin wanda, bayan ƴan zagaye, ya ninka na asali sau 256 wajen aiki a cikin wani ruwan sinadari da a da yake kashe shi. Abin da ke ɗaukar manomi damina guda, a ɗakin bincike makonni ne. Ta sami Nobel a 2018. Sharaɗin hanyar ɗaya ne, kuma mai tsauri: abin da ka gwada shi za ka samu. In ka zaɓi mai sauri a ɗaki mai sanyi, kada ka yi mamaki in ya mutu a zafin bazara.

Da wannan hanya ƙungiyar Miguel Alcalde a Madrid ta ƙasar Sifaniya ta fitar da lakas mai aiki a cikin jinin mutum a 2013, yana jure gishirin da ke tsayar da kakansa. Maganar zafi kuwa, wasu sun je neman iri a inda zafi yake gida. Thomas Brock ya sami bakteriya a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka a shekarun 1960, kuma a 1986 aka bayyana wata halitta daga bakin tekun tsibirin Vulcano na Italiya wadda ta fi jin daɗi a digiri 100. Anzim ɗinsu ba ya jin tsoron rana, ko da yake yakan yi nawa in wuri ya huce, sai an gyara shi. Batun elektiron 24 kuma, Percival Zhang na Virginia Tech ya jera anzim 13 a batir guda a 2014, wannan ya gama ya miƙa wa wancan, har aka tatse kusan duka. An yi ta cewa zai shiga kasuwa cikin ƴan shekaru. Shekara goma ta wuce, ba a gan shi a kanti ba. Yanzu kwamfuta ta shigo aikin, tana hasashen yadda jeri zai naɗe, tana kuma tsara sabon furotin, aikin da ya ba David Baker da Demis Hassabis da John Jumper Nobel a 2024.

Ribar da ta riga ta iso

Wanda ke da mai ciwon sukari a gida ya riga ya riƙe ɗan'uwan wannan batir a hannunsa. Ɗan tsinken da ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, anzim ne a bakinsa. Yana fizge elektiron daga gulukos, na'urar ta ƙirga ƙarfin wutar ta rubuta lamba. Leland Clark da Champ Lyons suka kawo tunanin a 1962, kuma danƙon Heller yana cikin na'urorin gwajin sukari na FreeStyle.

Tarihin wannan tsinke ya nuna gyaran anzim ba wasan masana ba ne. An yi wani iri da aka so shi don oksijin ba ya ruɗa shi, amma ba ya bambanta gulukos da wani sukari mai suna maltos. Wasu masu wankin ƙoda, ruwan da ake sa musu yana komawa maltos a jini. Na'ura ta nuna sukari ya hau alhali ya faɗi, a ƙara musu insulin. A 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan rahoton mutuwar mutum 13. Masu ƙerawa suka canza wasu amino asid har anzim ɗin ya daina kula maltos, wasu kuma suka koma wani anzim dabam.

Mu a nan

Wutar Damagaram da Maraɗi ta layin Katsina take shigowa, kuma kowa ya tuna abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agusta na 2023. Ƙauyuka da yawa ma layin bai taɓa isa gare su ba. Mai irin wannan ƙishi yana da saurin gaskata duk wanda ya zo da sabon labari, don haka gara a faɗi gaskiya. Batirin sukari ba zai kunna firji ba, ba zai ja ruwa a garka ba. Faifan sola ɗaya mai wat 50 ya yi daidai da akwatunan Sony dubu, kuma rana ba a sayen ta. Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya ƙare rayuwarsa yana nuna wa ƙasar nan hanyar wutar rana. A ƙasar da rumbu ke ƙarewa kafin sabon hatsi, mai da abinci wutar fitila ba dabara ba ce.

Gurbinsa ƙananan abubuwa ne masu shan wuta kaɗan. Na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya ƴan mikirowat take ci, amma sai an yi tiyata a canza ta in batirinta ya ƙare. Da za a sami anzim mai shekaru, jini zai ciyar da ita. Joseph Wang na San Diego ya yi wani da ake mannawa a fata yana shan gumi. A Grenoble, kamfanin BeFC da aka kafa a 2020 ya ƙera batir na takarda da gawayi da anzim, wanda ɗigon ruwa ke tayarwa, don kayan gwajin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Wannan ya shafe mu, domin mun san inda matattun pil suke ƙarewa: a bola, a gona tare da taki, a hannun yara suna fasawa.

Abin da zai yanke hukunci a wurinmu zafi ne. A Afrilu da Mayu ana haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Anzim da aka zaɓa a ɗakin bincike mai digiri 25 bai ci jarrabawar Dogo ba tukuna. Duk wanda ya kawo muku irin wannan kaya, ku tambaye shi wat nawa yake bayarwa, kwana nawa yake yi, kuma a wane zafi aka gwada shi.

Aikin gida

A dama koko mai kauri, a bar shi ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, a raba kofi uku. Na farko a bar shi haka. Na biyu a zuba cokali ɗaya na garin tsiro a motsa. Na uku a zuba cokali ɗaya na garin tsiron da aka riga aka tafasa a ɗan ruwa. Bayan rabin awa a duba kauri, a ɗanɗana. Ku rubuta abin da kuka gani, ku bayyana dalilin da ya sa kofi na uku ya bambanta da na biyu.

Sannan ku lissafa: fitila mai cin wat 3, akwatunan miliwat 50 nawa za ta buƙata?

Wanda ke da tsinken gwajin sukari a gida, ko yake da hanyar ganin sa a likita, ya duba jikin kwalin. Akwai iyakar zafin da aka ce a ajiye shi, galibi digiri 30. Ya rubuto lambar, ya faɗa mana inda ake ajiye kwalin a gidansu, mu tattauna a darasi na gaba.